Wai dole sai takardar auduga kafin mutum ya iya fentin ruwa?

Ɗan aji ɗaya: Salam jama'a. Jiya wani yayanmu a sashen zane ya ce min duk mai koyon fentin ruwa a kan takardar da ba auduga zalla ba ɓata lokacinsa kawai yake. Ni kuma kuɗin falle ɗaya na takardar auduga ta kamfanin Arches sai na yi tunani sau biyu wallahi. Haka maganar take?

Malamin zane: Gaskiya ya faɗa maka ɗana. Takardar auduga tana shan ruwa a hankali ta riƙe danshi, sai ka samu lokacin haɗa kala da kala suna narkewa cikin juna, wadda aka yi da niƙaƙƙen itace kuwa irin su Canson Montval ruwan zama yake a sama, ya bushe nan ya bar can, kana ɗora shafi na biyu na farkon ya tashi ya zama taɓo. Balle da hunturu, ka shafa sararin sama kafin ka koma ka lakato fenti gefen ya riga ya bushe ya bar maka layi. Yara nawa na gani sun aje burushi suna cewa ba su da baiwa, alhali takarda ce ta ci amanarsu.

Anti mai furanni: Malam a yi min afuwa ban yarda da kalmar dole ɗin nan ba. Mai koyo yawan zane yake buƙata, in takarda ta yi tsada tsoron ɓata ta zai hana shi taɓa ta, a ƙarshe tana cikin jaka damina ta zo danshi ya lalata jelatin, wato gam ɗin da aka shafa mata don kar ta tsotse fenti, ta koma shan fenti kamar tsumma. Ni shekarata biyu a kan ta itace kafin na taɓa ta auduga ta kamfanin Fabriano, kuma a nan hannuna ya faɗa. Abin da zan ce dole shi ne nauyi, kar ka sayi ƙasa da mai giram 300 a kowace murabba'in mita ƙanena, mai 190 da ta ji ruwa take kumburewa kala ta taru a kwari.

Malamin zane: Hajiya hannu ya faɗa amma da wace ɗabi'a? Wanda ya saba da ta itace gaggawa yake koya da tsoron ruwa, ranar da ya samu ta kirki sai ya sake koyo daga farko.

Mai zayyana: Ni ina bayan Malam amma akwai mafita mana. Babban falle santimita 56 ne da 76, ka ninke ka yanka gida takwas, kowane kuma a zana gaba da baya, zane goma sha shida ke nan. Sannan akwai Baohong ta ƙasar Sin, auduga ce zalla kuma ba ta kai na Turai tsada ba. Ka ɗauki mai ɗan kaushi, mai santsin nan ta masu ƙananan layuka ce irin aikina, tana saurin bushewa ba za ta yi maka daɗi yanzu ba.

Anti mai furanni: Toh wannan na yarda, amma gwajin kala da motsa hannu ya yi a mai araha don Allah, kar ya ƙona auduga a kan koyon riƙe burushi.

Ɗan aji ɗaya: Na gode ƙwarai. To mai giram 190 ɗin da na riga na saya fa, zubarwa zan yi?

Malamin zane: A'a. Jiƙa ta a ruwa na 'yan mintuna, ka shimfiɗa a kan katako, ka manne gefe huɗun da tef ɗin takarda mai gam wanda ake jiƙawa, ka bar ta a kwance ta bushe da kanta, kar ka kai ta rana. Da safe za ka same ta ta ɗame kamar fatar kalangu. Ka zana abu guda a kanta da kuma kan guntun auduga, ka turo mana hoton duka biyun mu gani.