Da gaske ne matar aure a tsohuwar Ingila ba ta mallakar ko tukunya?

'Yar Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman haske kan matan Ingila tsakanin 1500 da 1750. An ce da an ɗaura wa mace aure, duk abin da ta mallaka ya zama na miji. Abin ya ɗaure min kai, ganin a ƙasar ce Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta yi mulki daga 1558 zuwa 1603. Har da gonar gado? In mijin ya rasu fa, ko zaman ya ƙi daɗi?

Lauyan Kawo:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Haka abin yake, amma sai kin raba dukiyar kashi biyu. A idon dokarsu miji da mata mutum ɗaya ne, kuma mijin ne ke magana da sunan wannan mutumin. Abin da ake iya ɗauka, wato kuɗi, dabbobi, kayan ɗaki, har ladan aikin hannunta, ya zama nasa tun ranar aure. Ba kamar a nan ba, da sadaki da kayan ɗaki ke nan a hannun mace. Ƙasa kuwa tana nan a matsayin tata, sai dai shi ke noma ta, shi ke karɓar haya. Ba ya iya sayarwa sai da yardarta, kuma alƙali kan keɓe ta ya tambaya ko tilasta mata aka yi. Ba ta ƙulla yarjejeniya da sunanta, ba ta barin wasiyya sai da izininsa. A ɗaya gefen, bashin da ta ci, har na kafin aure, yana wuyansa.

In ya rasu, tana da sulusin ƙasarsa, amma na cin amfani ne iya rayuwarta, ba mallaka irin ta tumuni ba. Ranar da ta rasu ya koma ga magadansa. Daga 1536 doka ta yarda a yanka mata wani kaso tun kafin aure a madadin sulusin. A arewacin Ingila tana da sulusin kayan gida ma har 1692, a Landan har 1725.

Masu hali sun gano ƙofar baya. Kafin ɗaurin aure sai uba ya danƙa dukiyar 'yarsa amana a hannun wasu, a rubuta cewa don amfaninta ne ita kaɗai, kotun Chancery, mai kula da shari'ar amana, kuma ta tsare wannan. Inda ake tafka kuskure shi ne ango da amarya su rubuta alkawarin tsakaninsu kawai. Da an ɗaura ya rushe a kotun gama-gari, tunda mutum ba ya cin bashin kansa. Sai a 1870 da 1882 majalisa ta ba matar aure ikon riƙe abinta.

Malamar Tarihi, Barnawa:
Barista ya kawo doka, amma doka daban, zaman gida daban. Mace ba ta cika aure da wuri ba. Coci ya halatta daga shekara 12, amma yawancin 'yan talakawa sai sun kai wajen 25 ko 26. Kafin nan aikatau suke yi a gidajen wasu, ana ɗaukarsu shekara-shekara, a wurare da yawa ranar 29 ga Satumba, da ci da kwana da ɗan kuɗi a ƙarshe. Da wannan tarin take yin kayan aurenta. Dokar 1563 ma ta ba hukuma ikon tilasta wa mara aure mai shekara 12 zuwa 40 shiga aikatau.

Bayan aure, aikin ba ya ƙirguwa: tatsa, kaɗa nono, cuku, kaji, lambu, da kaɗin ulu, don masaƙi ɗaya yana buƙatar zaren mata da yawa. Ku dubi wanki kaɗai. Ana jera fararen kaya a babban baho na katako mai kafa a gindi, a shimfiɗa ƙyalle mai kauri a sama, a zuba tokar itace, a kwarara ruwan zafi. Ruwan tokar ya ratsa kayan ya fita ta kafar, a tara, a sake ɗumamawa, a sake zubawa, sau da yawa. Sannan a kai rafi a buga, a ɗauraye, a shanya kan shinge. In tokar ta yi ƙarfi ta ci hannu, ulu kuma ba ya shiga wannan bahon sam, lalacewa yake yi.

Kuma ba duk ƙofa ce a rufe ba. A Landan al'ada ta yarda matar aure ta yi kasuwanci da sunanta, riba da bashi duk nata. Gwauruwa, wadda miji ya mutu ya bari, tana da cikakken iko kamar namiji a kan dukiya, shi ya sa wasu ba sa marmarin sake aure.

'Yar Unguwar Rimi:
Na gode, Malama. Saura maganar rabuwa.

Baban Ilham, Tudun Wada:
A nan ki kula, kada ki haɗa Ingila da Sikotland. A Sikotland tun 1560 ana raba aure saboda zina, daga 1573 kuma har da gudun miji ko mata. A Ingila kotun coci raba makwanci da tukunya kawai take yi, igiyar na nan, babu mai sake aure. Cikakken saki sai majalisa ta yi doka musamman a kan mutum, abin da sai attajiri ke iyawa, kuma mace ba ta samu irinsa ba sai a 1801. Kotun saki ta zo ne a dokar 1857.

Hukuncin kisa ma bai zo ɗaya ba. Mijin da ya kashe matarsa rataya ne. Matar da ta kashe miji kuwa ana lissafa ta da bawan da ya kashe ubangidansa, laifin cin amana, hukuncinta ƙonawa. Haka aka yi wa Catherine Hayes a Landan a 1726, kuma ba a soke ƙona mata ba sai 1790.