Abin da kanikawa suka ce kan canza tamostat da famfon ruwa a gida

Kowa ya yarda da abu ɗaya: kada a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce sarai. A cire kan batir, a tsiyaye ruwan a roba, a nesanta shi da yara da dabbobi, guba ne.

Tamostat, wato bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi, ba wuya. Yawancin na Toyota a digiri 82 yake fara buɗewa. A jefa tsohon a tafasasshen ruwa, in bai buɗe ba ya mutu. Wajen sa sabo, sifirin ya kalli inji, ɗan bawul ɗin iska kuma ya zama a sama. An ja magana kan al'adar cire shi gaba ɗaya saboda zafin ƙasarmu. Mafi yawa sun ƙi, kuma da hujja: inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, sai shan mai ya ƙaru.

Famfo ne ke da ƙura. Ɗiga daga ƙaramin ramin ƙasansa, ko ƙara, ko girgizar fuli (faifan da bel ke juyawa), duk alamar ya gaji ne. In fambel ke juya shi, aikin gida ne. In kuwa bel ɗin tayimin ne, wato mai daidaita lokacin buɗewar bawul ɗin inji, a canza famfon da bel ɗin tare, a yi alama kafin a kwance, don kuskuren haƙoran bel kaɗan kan lanƙwasa bawul a wasu injuna.

A kankare tsohon gasket (shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin famfo da inji) tas, kada a cika gam, a ɗaure notuna a gicciye sannu a hankali, alminiyom ba ya jure ƙarfi. Ruwan sanyaya inji rabi, tataccen ruwa rabi, ban da na rijiya. A kunna hita, a bar mota tana aiki murfin lagireto a buɗe har kumfa ya daina fitowa.