Manuwal da otomatik: wace Hausa zan yi musu kafin Juma'a?

Zainabu Mai Shiri: Salamu alaikum malamaina, na zo da ƙoƙon bara. Shirinmu na motoci a rediyo da ke fita safiyar Asabar za a naɗe shi ranar Juma'a bayan la'asar, ga shi yau Laraba. Wannan makon muna magana ne a kan masu kuɗin Turai da Amurka da suke nacewa sai motar da mutum zai canja giya da kansa, wai don daɗin tuƙi kawai. Misalin da na ɗauko shi ne kamfanin Porsche na Jamus: a 2013 ya fitar da 911 GT3 otomatik zalla, masu saye suka yi ta ƙorafi, a 2017 ya dawo musu da manuwal. Toyota ma haka ta yi da Supra, sai a 2022 ta ƙara manuwal. Kalmomin nan biyu za su fito fiye da sau 20 cikin minti 15, kuma editana ya ce ba ya son jin su tsirara. Na rubuta "giyar hannu" da "giya mai sarrafa kanta", amma ta biyun kafin in kai ƙarshenta numfashina ya ƙare. A taimaka.

Injiniya Bashir: Wa alaikumus salam. Ki cire "mai sarrafa kanta" tun yanzu. An riga an ba bindiga wannan sunan, kuma da kin ce mota mai sarrafa kanta mai sauraro zai ɗauka irin waɗanda ba direba a ciki ne. "Mai canja giya da kanta" ya fi gaskiya, sai dai shi ma dogo ne.

Baba Direba: 'Yata, "giyar hannu" ma akwai gyara. Mu da muka ja Fijo 404, giyar hannu ita ce wadda sandarta take jikin sitiyari, wasu su ce giyar sama. Wadda take tsakanin kujeru ita ce giyar ƙasa. Duka biyun kuwa da kanka kake canjawa. In kika ce giyar hannu, duk tsohon direban da ke tasha zai zaci a-kori-kura Turawan nan suke kuka a dawo musu da ita.

Zainabu Mai Shiri: Kai, Baba! Ita ce fa wadda nake ganin na gama da ita.

Oga Sale Bakanike: Mu a gareji ba ma wahalar da kanmu. Mai kuloci da mara kuloci. Ko yaron da ya zo koyon aiki jiya ya san bambancin, ya leƙa ƙarƙashin sitiyari ya ƙirga: abin takawa uku, kuloci da birki da totur, ko kuwa biyu. In ka je Ƙofar Ruwa neman giyabos ma, tambayar farko ke nan da za a yi maka.

Malam Tanko: Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma abin ya ba ni takaici. Giya, kuloci, totur, giyabos. Wannan Hausa ce ko Turanci ne aka sa wa hula? Sannan a rubuce "giya" ba ta da maraba da abin da ake sha a bugu. Yarinya za ta hau rediyo da safe ta ce Turawa suna son giyar hannu, Allah ya sawwaƙe. Bahaushe ya san abin hawa tun kafin mota ta zo. Shawarata: wadda direba ke juya ta da kansa a kira ta mai linzami. Wadda ta san aikinta ba sai an gaya mata ba a kira ta horarriya, kamar goɗiyar da ta san hanyar gida. Gajeru ne, namu ne, kuma suna ɗauke da ainihin abin da shirin ke son faɗa, wato bambancin mai hawa da wanda aka ɗauko.

Injiniya Bashir: Allah ya gafarta Malam, a baki ai ba sa haɗuwa. Ta mota ana jan wasalin farko, ta kwalba ba a ja. Rediyo za ta yi, ba jarida ba. Kuma linzami aikinsa juya doki da tsayar da shi, wato sitiyari da birki ke nan. Kowace mota tana da su.

Malam Tanko: Da linzami da ƙaimi mahayi ke fitar da doki daga tafiya zuwa sassarfa zuwa sukuwa. In ba canjin giya ba ne wannan, mene ne? Ni da za a bi ta tawa, su kansu lambobin ma sai a sauya: ta ɗaya taku, ta biyu sassarfa, ta uku zamiya, ta huɗu sukuwa.

Ɗan Kurna: Malam, Mercedes na da mai giya 9, Ford na da mai 10. Dokin naka zai ƙare a ta huɗu, sauran shidan sai dai mu nemo jimina.

Malam Tanko: Yaro, ba da kai nake ba.

Baba Direba: Ni dai maganar Malam ta taɓa ni, ko da sunan bai zauna ba. Shekara 31 na yi ina jan mota. Wanda bai taɓa gangaro Hawan Kibo da kaya ba, ba zai gane abin da Turawan nan ke nema ba. Kana tahowa daga Jos, tun kafin gangaren ka rage zuwa giya biyu, ka bar injin ya riƙe motar, birki kuwa taɓawa kawai kake yi. In ka dogara da birki shi kaɗai zai yi zafi ya daina kamawa, shi ke nan sai addu'a. Kuma ba agogo muke kallo ba, kunne ne ke canja giya kafin hannu ya kai. Injin ya yi wata ƙara, ƙafar hagu ta sauka, hannu ya tura, ka saki kuloci a hankali har ka ji ta kama. Ranar da ka yi shi daidai, fasinjan da ke gyangyaɗi bai ko motsa ba, kai kaɗai ka san ka yi abin kirki. Yanzu ɗana ya saya mini otomatik saboda gwiwa. Tana kai ni masallaci lafiya lau, amma ba ma hira da ita.

Zainabu Mai Shiri: Baba, in ka yarda wannan maganar taka zan karanta ta a shirin yadda take. Ta fi duk abin da na fassara.

Ɗan Kurna: A taƙaita kawai: motar maza da motar mata. Ko motar direbobi da motar ragwaye.

Hajiya Turai: Ɗan Kurna, da 504 ɗin mahaifina na koyi mota, irin wadda a da ake harhaɗawa a Kaduna, lokacin ina jin ko haihuwarka ba a yi ba. Batir ya mutu a tura ni in saka giya biyu in saki kuloci ta tashi, na yi ba sau ɗaya ba. Yau otomatik nake ja, don ba zan tsaya awa guda a cunkoson Kurna taku ina taka kuloci kamar mai ɗinki da keken ƙafa ba. Masu tseren Formula 1 tun 1989 Ferrari ta fara raba su da sandar giya, da yatsu suke canjawa a bayan sitiyari. Je ka gaya musu ragwaye ne.

Ɗan Kurna: Tuba nake Hajiya, wasa nake. Amma a Ingila in da otomatik ka ci jarrabawar tuƙi, lasisinka bai ba ka damar jan manuwal ba. Su ma sun san akwai bambanci.

Hajiya Turai: Bambancin iyawa, ba na ɗankwali da hula ba.

Injiniya Bashir: Mu koma kan aiki. Oga Sale, "mara kuloci" tana da matsala, kuma a daidai misalin Zainabu matsalar take. Otomatik ba iri ɗaya ba ce. Tsohuwar, wadda General Motors ya fara sayarwa da yawa a motocin Oldsmobile na 1940, mai ne ke haɗa injin da giya: kamar fanka biyu suna kallon juna cikin tukunya cike da mai, injin ya juya ɗaya, man ya tura ɗayar. Akwai mai bel, wadda ba ta da matakala sam. Sannan akwai wadda ke cikin Porsche ɗin nan, ita kuloci biyu gare ta, ɗaya na riƙe da giya 1, 3, 5, ɗaya na riƙe da 2, 4, 6, kafin a saki wannan waccan ta riga ta shirya. Shi ya sa ta fi hannun kowane direba sauri. To yanzu sai Zainabu ta ce "mara kuloci mai kuloci biyu"?

Oga Sale Bakanike: Injiniya, wanda ke cikin tukunya ba ruwan direba da shi. Kulocin da ƙafa ke takawa muke nufi. Kai ma in ka kawo mini motarka cewa kake yi otomatik ce, ban taɓa jin ka karanto mini wannan karatun ba.

Isufu Maraɗi: Ina ta kallonku. Ana jin tashoshinku har nan, amma kullum kuna yanke kalma kamar Hausa ta tsaya a Jibiya. Mu nan ba mu san kuloci ba, na Faransa muka aro, embrayage muke cewa, giya kuma vitesse. Tsohon direba a Maraɗi ko Damagaram in ya ji "mai kuloci" sai ya tambaya. Otomatik dai ita ce kowa ya sani, don Faransanci ma haka yake kiran ta.

Malam Tanko: Madalla da Isufu! Kun ji ko? Aron Ingilishi ya raba mu da 'yan uwanmu, aron Faransanci ya raba su da mu. Linzami fa? Daga Kano har Agadas babu wanda zai tambayi ma'anarsa.

Isufu Maraɗi: Malam, ma'anarsa kam mun sani. Amma in aka ce mota mai linzami, makami mai linzami ne zai faɗo mini a rai, irin na labaran yaƙi.

Injiniya Bashir: Ga kuma wani abu, da girmamawa. Shi kansa linzamin daga Larabci ya zo, lijam. Bambancinsa da kuloci shi ne ya riga shi isowa.

Malam Tanko: Baƙon da ya shekara ɗaruruwa, ya yi aure ya haifi jikoki, ba a haɗa shi da wanda ya sauka a tasha jiya. Kuma lokacin da aka ce jirgin sama, ko wayar tafi-da-gidanka, ko yanar gizo, haka irinku suka yi dariya. Matsalarmu ke nan, ɗan boko yana jin kunyar kalmar gidansu, amma a ba shi ta Bature ko ta karya masa haƙori zai tauna.

Hajiya Turai: Malam, tafi-da-gidanka ɗin ma yanzu wa ke faɗi? Kowa waya yake cewa.

Baba Direba: Horarriya dai ba za ta karɓu a tasha ba. Motar da ke cinye mai ta mutu a kan hanya ba a tura ta ta tashi, ina horon yake?

Zainabu Mai Shiri: Jama'a, jibi Juma'a, kuma an fi awa biyar ana maganar doki. Ga abin da na tsayar, sai dai a yi haƙuri da ni. Manuwal zan ce mai kuloci, a karon farko in ƙara da "wato wadda direba ke canja giya da kansa", saboda su Malam Isufu. Ɗayar kuma na koma wurin edita na nuna masa duk abin da aka rubuta nan, ya yi shiru, sannan ya ce in bar ta otomatik tunda har Maraɗi an san ta, amma in fassara ta sau ɗaya da "mai canja giya da kanta". Mai kuloci biyun Injiniya kuwa na tsallake ta, cewa kawai zan yi otomatik ta zamani da ta fi hannu sauri. Malam, ban watsar da taka ba, sunan shirin wannan makon "Linzami a hannun wa?"

Injiniya Bashir: Mai kuloci ta wuce. Tsallake ɗayar kuwa bashi ne kika ɗauka, ranar da za ki yi shiri a kan Golf zai biyo ki, don tun 2003 Volkswagen ke saka irinta.

Isufu Maraɗi: Rabi namu rabi naku. Na karɓa, amma ba don ta yi mini daɗi ba.

Malam Tanko: An ba ni suna an hana ni kalma, kamar a gayyace ka biki a ce ka tsaya a zaure. To, na ji. Zan saurari shirin, kuma zan ƙirga sau nawa aka ce otomatik. Horarriya kuma tana nan a littafina, ban janye ta ba.

Oga Sale Bakanike: Malam, in ka gama ƙirgar ka turo yaro ya ɗauki motarka. Na canja mata farantin linzamin, saura kuɗin aiki.

Malam Tanko: Farantin kuloci na ce ka canja, Sale. Kar ka taɓa mini wani abu daban.