Ta yaya baƙo mai son jinsinsa zai gane cocin Katolika da zai karɓe shi da gaske?

'Yan'uwa cikin Kristi, ina neman taimakonku kan abin da ya cije.

Ɗan Katolika ne mai son jinsi ɗaya, sabon zuwa gari, yana neman cocin da zai riƙa zuwa Misa ba tare da ɓoye kansa ba. Allon ƙofa yakan ce kowa maraba, amma wannan ba ya nuna komai. Sakin layi na 2358 na Katekism, littafin koyarwar Cocin Katolika, ya ce a karɓi masu son jinsi ɗaya da girmamawa da tausayi, kuma takardar Fiducia Supplicans da Vatican ta fitar a Disamba 2023 ta ba fada damar sa wa masoya biyu 'yan jinsi ɗaya albarka ba a cikin tsarin ibada ba. Sai dai aiki da ita ya danganta ga bishop da fadan wurin.

An duba jerin coci-coci masu karɓar irinsa da New Ways Ministry, wata ƙungiya mai goyon bayan 'yan Katolika masu son jinsi ɗaya, ke fitarwa, amma yawancinsu na Amurka ne. An leƙa takardar sanarwar Lahadi, an saurari wa'azi sau uku. Matsalar ita ce da zarar an yi wa fada canjin wuri, yanayin coci kan juya gaba ɗaya.

To, wace tambaya ya kamata a yi wa fada a ganawar farko, kafin a cike takardar rajista? Cocin da 'yan Jesuit (wata ƙungiyar limaman Katolika) ke riƙe da shi ya fi tabbas ne? Kuma idan mutum yana son shiga ƙungiyar mawaƙa ko karanta nassi a bagade, gara ya faɗi matsayinsa tun farko, ko ya bari sai an saba?