Jan biro a kan "za mu": muhawarar zauren iyaye da malamai

Maman Walid: Assalamu alaikum jama'a. Yau kam raina a ɓace yake, sai na amayar da abin da ke cikina. Yarona ɗan aji uku ya rubuta "za mu je kasuwa" a littafin aikin Hausa, malaminsu ya sa jan biro ya soke, ya gyara masa zuwa "zamuje kasuwa". A shafi na gaba yaron ya rubuta "ƙasa" da ƙugiyarta, malam ya ce masa wai ado ne, ba dole ba. Ni na zauna na koya masa a gida, yanzu ya dawo yana ce mini malam ya fi ni sani. Maganata ɗaya ce: duk wanda za a damƙa wa yara ya koya musu karatu da rubutu, dole ya san yadda aka gina harshen, ya san gaɓa, ya san inda kalma ta fara da inda ta ƙare. Iya magana da Hausa daban, sanin ƙirarta daban. Wanda bai san wannan ba jahili ne a wannan fanni, ko takardar NCE goma gare shi.

Malam Na Aji Biyu: Wa'alaikumus salam. Jahili, Hajiya? Mutumin da ke tsaye tun ƙarfe takwas a gaban yara tamanin, wasu a tabarma wasu a bakin taga, shi ne jahili? Ki janye kalmar nan tukuna, sannan a yi maganar ƙugiya.

Maman Walid: Malam, cewa na yi "a wannan fanni". Ka karanta har ƙarshe mana.

Malam Na Aji Biyu: Na karanta. In an ce wa mutum ɓarawo "a wannan fanni", ya daina zama zagi?

Alaramma: A yi haƙuri in sa baki. Kalmar Larabci ce, kuma asalinta rashin sanin abu kawai take nufi. Malamai sun kasa shi biyu: akwai basiɗi, wanda bai sani ba kuma ya san bai sani ba; akwai murakkabi, wanda bai sani ba kuma yana ganin ya sani. To wanda ya soke daidai da jan biro ya ɗora kuskure a kai, ku kuka san ajin da za ku sa shi.

Malam Na Aji Biyu: Allah ya gafarta Malam, ashe wuta ka zo hurawa.

Anti Malama: Ni abin da ke ba ni haushi, iyaye ba su san inda makaranta take ba sai ranar da za su zo zagi. An kira taron iyaye mutum nawa suka zo? Ku nemo alli ku kawo mana tukuna.

Tsohon Hedimasta: 'Ya'yana, ku sassauta. Na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli kafin in ajiye aiki, don haka ba wanda zai koya mini wahalar aji. Amma yarinyar nan ta faɗi abin dubawa, kun bar shi kun bi kalma ɗaya. Yaron ne ke da gaskiya. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce in an san dalilinta: idan alamar lokaci ta biyo bayan wakilin suna, haɗewa ake yi, shi ya sa muke rubuta muna, muke, mukan, muka. Idan ta riga shi zuwa, a raba: za mu, za ku, za su, za a. Zan da zai ne kawai suka haɗe, don su an taƙaita su ne daga "za ni" da "za ya". Malamin da ya san wannan ba ya bukatar haddar kalmomi ɗari. Kuma raba kalma ba ƙawa ba ce. "Ta ce" magana ta yi, "tace" kuwa aikin rariya ne. "Akan zauna a kan tabarma", kun ga akan biyu, ɗaya a haɗe ɗaya a rabe, kowanne da aikinsa. Ku ɗauki "ba ta", da "ɓata": ƙugiya ɗaya da 'yar tazara ɗaya ne suka raba su.

Ɗan Kasuwar Kwari: Baba, da girmanka, wannan duk ƙaƙale ne na 'yan jami'a. Hausa ai ba Turanci ba ce. Yadda ka faɗa haka za ka rubuta, shi ke nan. Ni ban taɓa shiga ajin nahawu ba, ga shi kuna karanta ni.

Tsohon Hedimasta: To ɗana, faɗi "gidan Bala" da ƙarfi ka saurari bakinka. "Gidam Bala" ka ce, leɓɓanka sun haɗu. Amma da n ake rubutawa, alhali a cikin kalma ɗaya, kamar tambaya da ambaliya, m ake sawa. Naso ake kiran wannan. Sannan rubuta mini wuya ta jiki da wuya ta wahala in ga bambancinsu a takarda. Babu, domin rubutunmu ba ya nuna karin sauti. Gari na zama da gari na tuwo ma haka, ɗaya wasalinsa gajere ɗaya dogo, rubutu bai nuna ba. Kai babba ne, ma'anar jimla ke fitar da kai. Yaro ɗan shekara shida da ke haɗa baƙi yana tsayawa a kowace gaɓa fa? In malaminsa bai san akwai wannan ramin ba, zai ce yaron daƙiƙi ne.

Gaɓar Hausa iri uku ce kacal: baƙi da wasali kamar ci, baƙi da wasali biyu ko dogon wasali kamar kai, sai baƙi da wasali da baƙi kamar can. Duk yaron da aka koya wa tafa hannu a kan gaɓa, han-nu, kun-ne, ba zai rubuta "hanu" ba. Tsuntsu harafi bakwai ne a ido, sauti biyar a kunne, saboda ts sauti ɗaya ne, kamar sh da gy da ƙw. Na sha ganin malami yana sa yara su ce "ta, sa" wai su haɗa su fitar da tsa. Ina za ta fito? Kuma ranar da yaro mai wayo ya tambaye ka me ya sa mota ta zama motoci, gida gidaje, ƙasa ƙasashe, kaza kaji, ɓarawo ɓarayi, me za ka ce masa? Abu ɗaya ne ke faruwa a dukkansu: t da d da s da z da w suna sauya kama in i ko e ta biyo su. Ganɗantawa ke nan. Shi ya sa ma aka ce Hausa amma Bahaushe.

Anti Malama: Baba, mun ji, amma wa ya koya mana? Bita ta kwana uku aka kai mu, duk a kan sautukan Turanci. Muka dawo muna koya wa yara cewa c tana ba da sautin k, awa ɗaya bayan haka a darasin Hausa muna ce musu ca, ce, ci. Yaran suka rikice, mu ma muka rikice.

Maman Walid: Yauwa Anti, ai abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu!

Anti Malama: A'a Hajiya, kar ki jawo ni ɓangarenki. Ke jahilai kika ce mana.

Basakkwace: Ni duk wanga ba shi ne damuwata ba. Kun cika zaure da "daidai, daidai". Daidai ga wa? Mu "rigab Bello" muka hwaɗi, ku ce sai "rigar Bello". Yaro ya rubuta harshen uwarsa a sa mishi jan biro. Turawa sun ɗauki Kananci sun ɗora muna, sun sa mishi suna Daidaitacciyar Hausa. Ƙasar Shehu za a koya wa Hausa?

Ɗan Kasuwar Kwari: An zo wurin. Kano ko da me ka zo an fi ka, har da Hausar. Ku da kuke cewa hwara da hwaɗa, ku bari mu rubuta muku.

Basakkwace: Kai da ka ce ba ka taɓa shiga ajin nahawu ba, yanzu ka zama mai rubuta muna?

Bazazzagiya: Ku yi ta yi. A Zariya aka kafa hukumar da ta riƙa buga littattafan Hausa zamanin Baturen nan Rupert East, a Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Tawada tamu, injin namu, suna na Kano.

Ɗan Kasuwar Kwari: Yaya, ku da kuke cewa "mace ne", "rigan Bello"? Ku fara raba namiji da mace tukuna.

Bazazzagiya: Mun raba su a gida, ba sai a jimla ba.

Tsohon Hedimasta: Gaskiya ne an gina daidaitacciyar a kan karin Kano. Amma ba rana ɗaya wani Bature ya tashi ya yanke ba. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Haruffa masu ƙugiya sun shigo a shekarun 1930. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. An zauna a Bamako a 1966, an sake zama a Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da Nijar, kuma akwai masana Hausawa a zaman. Kuma kai ɗana na Sakkwato, maganarka hujja ce ga Maman Walid. Malamin da ya san tsarin harshe, in yaro ya rubuta "rigab Bello" zai gane karin garinsu ne ya fito, ya ce masa bakinka daidai ne, amma a takarda ga yadda aka yarda a sa. Wanda bai sani ba shi ne mai duka.

Basakkwace: Baba, kai ma ai Bakano ne, dole ka kare su.

Tsohon Hedimasta: Ni Bakatsine ne.

Basakkwace: Duk ɗaya.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa daga ƙetaren iyaka. Ku kuna faɗa kan ƙugiya uku, mu huɗu gare mu, don mu ƴaƴa muke rubutawa, ku 'ya'ya. Kuma tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a makaranta a Damagaram. Matsalarmu Faransanci ne: wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, zai rubuta maka "tch" a wurin c, "ou" a wurin u, har sunan harshen ya koma Haoussa.

Ɗan Kasuwar Kwari: Ƙanena, ku gama da Faransa tukuna sannan ku zo gyara mana boko. Boko ɗin ma ai daga "book" aka samo shi, na Ingilishi ne, ba ruwanku.

Alaramma: Wannan kuskure ne da ya yaɗu. Boko kalmar Hausa ce tsohuwa, tana nufin abin bogi, na yaudara. Ba ka san amaryar boko ba, wadda ake fitowa da ita a madadin ta gaskiya? Masanin harshen Hausa Paul Newman ya yi rubutu a kan haka a 2013. Kakanninmu sun ga ajami ne rubutu na ainihi, shi ya sa suka kira wancan boko. Da an bar mu da ajaminmu, ai yana nuna dogon wasali, wannan rigimar ta gari da gari ba za ta taso ba.

Bazazzagiya: Allah ya gafarta Malam, ajamin da kowane gari da yadda yake rubuta tsa da ɗa?

Alaramma: Hajiya, wannan zama ne na daban.

Malam Na Aji Biyu: Har yanzu dai ba a janye "jahili" ba. Ina nan ina jira.

Maman Walid: Malam, in kalmar ce ta tsaya maka a wuya, na musanya ta da "mai ƙarancin sani". Yanzu ka gaya mini, gobe yarona wanne zai rubuta?

Malam Na Aji Biyu: "Ƙarancin sani" ma ai jahilcin ne aka sa masa babbar riga.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na bi muhawarar nan tun farko, a matsayina na wanda shi ma ya yi koyarwa kafin ya koma ofis. Abin da zaure ya tsaya a kai shi ne, na farko, kalmar da Hajiya ta yi amfani da ita ba ta dace ba, kuma ta amince da hakan da kanta. Na biyu, an tabbatar malamai ba su da laifi, rashin kayan aiki da cunkoson aji da sakacin iyaye ne tushen komai, kamar yadda Anti Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Na uku, Baba Hedimasta ya kawo tarihi da ya nuna Hausar Kano ita ce ma'auni, don haka 'yan'uwanmu na yamma sai su yi haƙuri. Sauran bayanan gaɓa da naso ilimi ne mai kyau, amma na manyan makarantu ne. Zamu rufe wannan batu a nan.

Basakkwace: Wane zaure ya tsaya a kan na uku? Ni ban ɗaga hannu ba.

Tsohon Hedimasta: Shugaba, gaɓa aikin aji ɗaya ne, ba na manyan makarantu ba.

Maman Walid: Ranka ya daɗe, duba kalmar farko ta jimlarka ta ƙarshe.

Malam Na Aji Biyu: Waya ce ta haɗe masa.