Muhawara: Shin talauci ne ke sa mai ciki ta zaɓi shayar da nono?

Maman Biyu: Ni a ganina mai ƙaramin ƙarfi ba ta da wani zaɓi. Kuɗin madarar gwangwani ya fi ƙarfinta, shi ke nan sai ta ba da nono. Aljihu ne ke yanke hukunci.

Anti Nas: Da haka ne ƙanwata, da matalautan ko'ina sun fi kowa shayarwa. Amma a Amurka da Birtaniya abin a juye yake: masu hali da ilimi sun fi shayarwa, marasa galihu su suka fi komawa kwalba. Mujallar binciken lafiya ta Lancet ta nuna haka a 2016. A ƙasashe matalauta ne matan talakawa suka fi daɗewa suna shayarwa.

Baban Yara: Ku duba aiki dai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla wata 6. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2000 ta ce hutun haihuwa aƙalla mako 14, shi ma wadda sai ta fita take samun na ranar ba ta ganinsa. Tun tana da ciki take lissafin wa za ta bar wa jaririn.

Ƴar Auta: Anti, ni abin da nake yawan ji shi ne, "ni kaina ban ƙoshi ba, da me zan ƙosar da shi?"

Anti Nas: Wannan tsoron kam ya raba jarirai da yawa da nono. Alhali in ba yunwa mai tsanani ba, jiki yana samar da nonon, kuma yawan tsotso ne ke ƙara shi. Dakashin kwanakin farko kaɗan ne, amma cikin jariri ma ɗan mitsitsi ne, ya ishe shi. In ba wanda ya faɗa mata haka a wurin awo, kukan farko za ta ce nononta bai isa ba.

Maman Biyu: To ai mun dawo kan talaucin.

Baban Yara: A'a Hajiya. Ke kin ce talauci ke tura ta ga nono, mu muna cewa sau da yawa shi ke janye ta.

Ƴar Auta: Kun manta miji da uwar miji. Nas ta yi bayani na minti 10, su kuwa suna tare da ita dare da rana. In suka ce a ƙara masa ruwa, an ƙara.

Anti Nas: Shi ya sa muke roƙon maza su riƙa rako matansu awo. Malam, kai ka taɓa zuwa?

Baban Yara: Na je, amma a bakin ƙofa aka tsayar da ni.