"Baki shi ke yanka wuya": har a kan yaron da ake zalunta?

Uwar Marayu: Jama'a, masu yaƙin wayar da kai suna cewa a kai rahoton cin zarafin yara da mata ba tare da an faɗi suna ba, amma duk wanda aka tuntuɓa sai ya kawo wannan karin magana. Da ma a kan haka magabata suka yi ta?

Ɗan Kurmi: A'a, Hajiya. An yi ta ne a kan sakin baki da tsegumi. Amma tsoron ba na banza ba ne: a ƙauyukan Zamfara da Katsina, wanda aka zarga da tsegunta wa jami'an tsaro ransa yana cikin haɗari.

Malamin Asibiti: To ai ta koya mana yadda za a faɗa ne, ba ta hana faɗa ba. Lambar 112 kyauta ce don gaggawa, 627 kuma ta NAPTIP ce, hukumar yaƙi da fataucin mutane. A faɗi unguwa, alamar gidan, lokacin da abin ke faruwa, da kimanin shekarun yaron. Kada a ambaci abin da kai kaɗai ka sani, kamar hirar da aka yi a gabanka, don ita ke tona mai rahoto. Bayan an kira, kada a gaya wa kowa a majalisa. Sau da yawa tonon asiri daga nan yake fitowa.

Ɗan Kurmi: Malam, a gaya wa mutane gaskiya dai. Ɓoye lamba da #31# yana rufe ta ga wanda ka kira ne, layin kuma yana haɗe da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa ta mai layin.

Uwar Marayu: Haka ne. Duk da haka, bayanin sirri ne ya kai 'yan sanda gidan marin Rigasa a Kaduna a 2019, aka fito da mutane sama da 300, wasu da mari a ƙafa.

Malamin Asibiti: In fyaɗe ne kuwa, "ranar wanka ba a ɓoyon cibi" ta fi dacewa. A kai yarinya asibiti kafin awa 72 don maganin kariya daga HIV, kada a yi mata wanka, kada a wanke tufafinta. Sulhun da ake yi a zaure don rufin asiri shi ke cinye waɗannan kwanaki 3, kuma hujja ta lalace.